Ranar da Saude Ta Hana Teyatur

"Ni dai ba ni tashi nan sai ka ce ka hana," in ji Saude, ta ƙara gyara zama a kan bencin ƙofar sito.

Alhaji Rafiou ya ajiye kofin shayinsa ya dube ta. Shekara da shekaru in suka haɗu sai tsiya, don ita Bagobira ce shi kuma Bayarabe, abokan wasa tun kaka da kakanni. Shi ya ce kyanwa ce ta yakushe mata kumatu, ita ta ce barkono ya cinye masa hankali. Yau kuwa ko gaisuwar kirki ba ta yi masa ba. Filin da ke bayan sitonsa, inda manyan motoci ke sauke albasa, shi ya ara wa samarin unguwar Zongo su yi teyatur, wato wasan kwaikwayo, bayan la'asar, kuma a kan wannan ne ta bar tandar waina ta yi sammako.

"Uwar soja, wasa ne fa," in ji shi. "Sun ce labarin wani kaporal ɗin soja ne da yarinya mai koko. Abin dariya."

"Dariya? Alhaji, kullum yamma bayan katangata su ka koyon abin nan. Su bugi kwanon rufi su ce bindiga ce. Wani shi faɗi ƙasa shi ce ya mutu, shi tashi shi kaɗe wando, a yi ta ƙyaƙyatawa. Ga wanda ya ga na gaske kwance cikin ɗaki, taga ɗaya tsakaninsu. Yanzu kuma a tara gari a yi ma yaƙi dariya?"

Muryarta ta karye a ƙarshe, ta ja bakin mayafi ta share ido da ƙarfi, tana jin haushin kanta. Dattawa biyu da ke shan shayi tare da Alhaji suka sunkuyar da kai. Ba wanda bai san zancen ba a unguwar. Ja'afar, ɗanta na fari, soja ne, aka tura su Arewa bakin iyaka, motarsu ta taka nakiya. Ya dawo Cotonou babu ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti bai ƙetare ƙofar gida ba, ko Juma'a. Damina ta zo ta wuce, sandunan da aka ba shi suna jingine a bayan ƙyaure, gizo-gizo har ya yi saƙa a jikinsu.

Alhaji Rafiou mutum ne mai faɗa da baki, amma ba ya iya ganin hawayen tsohuwa. Ya kira maigadinsa ya ce a sa wa filin kwaɗo. Ya ɗauki waya ya buga wa Karimou, shugaban 'yan wasan, ya ce masa babu teyatur a filinsa, yau ko gobe, ya kashe tun yaron bai gama cewa "Amma Baba" ba.

"Shi ke nan?" ya ce da ita. "Ga Malam Tanko, ga Alfa, gabansu na faɗa."

Saude ta yi godiya ta miƙe. A hanya ta ji jikinta sakayau, har ta tsaya ta sayi ɗanyen kifi wurin wata mata da ta ɗauko daga Placodji, can bakin teku, ba ta ma yi cinikin da ta saba ba. A ranta tana cewa yau dai ta yi wa yaron nan wani abu.

"Yaron nan" take ce masa, ko a zuci. Ɗan fari ne, kuma ita tarbiyyar Gobir aka yi mata: ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama su yi hira, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Rayuwar Cotonou ta canza mata abubuwa da yawa, har garin rogo da ruwan sanyi ta koyi sha, amma wannan kunyar tana nan daram. Da can mahaifinsa ne mai jin cikinsa, Allah ya yi masa rasuwa. Ƙanwarsa kuma tana aure a Calavi. Don haka sai ta ajiye kwano a bakin ƙofarsa ta ce da iska, "Ga abinci nan," iska ta amsa da "To, Inna." Duk makonnin da ake buga kwano a bayan katanga tana zaune tana cizon leɓe a madadinsa, amma ko sau ɗaya ba ta tambaye shi ko abin ya dame shi ba. Uwa ai ba ta bukatar tambaya, haka ta ɗauka.

Tana tura ƙofar gida ta tsaya cak. Yaron nan ne zaune a tsakar gida, cikin rana, ya jingina ɓallin madubi a jikin randa yana aske gemun da ya tara. Sandunan nan biyu suna kwance kusa da shi, an goge su tas.

"Sannu da dawowa, Inna. Ina kika ajiye dutsen guga? Shuɗiyar rigata nake so in goge."

Ta dubi igiyar shanya, kamar da ita take magana. "Unguwa za a?"

"Kallon shirmen su Karimou." Ya ɗan murmusa, kumfa a rabin fuskarsa. "In ban je ba za su ɓata mini labari. Ai ni na ba su."

Ledar kifin ta yi mata nauyi a hannu.

Bai lura ba, ya ci gaba da magana yana jan reza, maganar da ta fi duk wadda ya yi a watannin nan in aka haɗa. Ya ce da suka fara koyon wasan a bayan taga, abin nasu ba gishiri, har ya kasa haƙuri ya aika wa Karimou saƙon murya. Daga nan kullum sai ya ƙara musu wani abu. Kaporal ɗin cikin wasan kuwa mutum ne na gaske, Dramane sunansa, tare suke a shingen bincike. Akwai wata yarinya da ke wucewa da tukunyar koko kowace safiya, Dramane ya kamu, ya rasa ta inda zai ɓullo, sai ya riƙa tsayar da ita wai zai binciki tukunya.

"Tare muke a motar nan," in ji Ja'afar, ya ɗauraye rezar a kofi. "Duk wanda ya zo duba ni sai ya tambayi yadda ya rasu. Ba wanda ya tambaye ni yadda yake sa mu dariya har ciki ya yi ciwo. Yau dai ina so in ga mutane sun yi masa dariya."

Saude ta shiga ɗaki ta ɗauko dutsen guga ta ajiye masa a kan tabarma. Wato abin da ta yi ta roƙo a kowace sujada, Allah ya kawo shi har bayan katangarta, ita kuma ta yi sammako ta je ta sa masa kwaɗo. Ta rataye kifin a ƙusa ta ce ta yi mantuwa a kasuwa.

A bakin lungu ta yi kiciɓis da Karimou yana kafe babur, sanye da rigarsa ruwan ɗorawa ta 'yan zem, masu acaɓa, fuskar nan a murtuke. Ta sha gabansa.

"Kar ka shiga. Bai sani ba."

"Maman, ni ma ban san yadda zan gaya masa ba. Wani munafuki ne ya je ya zuga Alhaji. In na gano shi..."

"Ka gano shi. Ga ni."

Karimou yaro ne mai ladabi, tare suka taso da Ja'afar, wainarta ya ci ya girma. Ya sosa ƙeya ya ce a yafe masa kalmar da ya faɗa. Can kuma fuskarsa ta washe.

"Bon, ga dabara. Mu kawo wasan nan tsakar gidanku. Mutum kaɗan, shi ma ya huta da wahalar tafiya."

"A'a."

"Maman, ai ya fi sauƙi."

"Na ce a'a. Ni ba wasanku ya dame ni ba, ɗana. Ƙofar can ni ka so shi ƙetare. In kunka kawo mai duniya cikin gida, mi za shi fita nema?" Ta tattare zane ta haye bayan babur. "Kai ni wurin Alhaji."

Sito a rufe, an tafi azahar. Suka same shi a inuwar da ke gefen babban masallaci, inda dattawa ke ɗan zama bayan salla, mutum fiye da goma, har da biyun nan na safe. Saude ta yi ta maza ta kira shi gefe, ta faɗa masa komai a gurguje. Ya saurara, ya yi salati a hankali, sannan ya girgiza kai.

"Uwar soja, kin ɗaure ni. Yanzun nan na gama gaya wa mutanen nan na hana, har suna yaba mini. Magana zarar bunu ce. Da safe in ce a rufe, da rana in ce a buɗe, gobe wa zai ɗauki maganata a kasuwa? Ki bari sati mai zuwa, mu ce an gyara wasan."

Sati mai zuwa. Ta tuna kumfar nan a rabin fuska. Wanda ya yi wata da watanni kafin ya ɗauki reza, wa ya san ranar da zai sake ɗauka? Ta dubi Alhaji, ta dubi dattawan da suka zuba musu ido. Mace ce da ba ta ɗaga murya a gaban maza, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ja da baya, ta tafa hannu, ta saki wata dariya da ita kanta ba ta san inda ta samo ta ba.

"Jama'a, ku zo ku ga Bayarabe ya faɗa rami! Da safe na ce bari in gwada bawan nan nawa, in ga ko ya yi wayo. Na ce mai rufe fili, ya rufe. Da na ce mai shiga teku, da yanzu shina Placodji ana jawo shi da koma. Yaushe Bagobira ta gaya ma Bayarabe magana ya ɗauke ta gaskiya?"

Malam Tanko da Alfa sun ga hawayenta da idonsu ɗazu, sun san babu wasa a ciki ko na anini. In ɗayansu ya buɗe baki ya faɗi abin da ya gani, ta zama tsohuwar da ta yi ƙarya a ƙofar masallaci.

Malam Tanko ya gyara hula, ya yi gyaran murya. "Ni dama na ga kamar tana dariya ƙasa-ƙasa," in ji shi. "Na yi shiru ne in ga iyakar wayon Alhaji."

"Ni ma na gani," in ji Alfa, yana kallon carbinsa.

Alhaji Rafiou ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ɗan kasuwa ne, ya san ƙofa in an buɗe masa ita. Ya dafe ƙirji ya ɗaga murya yadda har masu sayar da turare a tsallake za su ji.

"Ni? Ni za a yi wa haka a garin ubana? Baiwar da muka saya da ƙwaryar manja? To wallahi sai an yi teyatur ɗin nan yau, in ga wanda zai hana. Karimou, je ka karɓi makulli. Ke kuma ki faɗa gaban jama'a, wane ne ubangidan wani?"

Shekara talatin suna wannan gardama, ba ta taɓa sakar masa ba. Ta ɗan rusuna.

"Yau dai kai ne."

"Kun ji ko? A rubuta a ajiye."

Aka fashe da dariya. Saude ta juya da sauri, don idonta ya sake cikowa, wannan karon ba ta ji haushin kanta ba. A ranta ta bi dattawan nan ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka, su da iyayensu.

Da aka yi la'asar Karimou ya ce zai kawo babur har ƙofa, Ja'afar ya ce a'a, filin ba nisa. Saude ba ta raka shi ba, ba ta ma dube shi ba. Ta zauna a zaure ta sa tandar waina a gaba tana ta kankara, tandar da ta riga ta wanke tun safe. Ta ji ƙarar sanduna a kan siminti, ta ji sun tsaya a bakin ƙofa. Tsayuwar ta yi tsawo. A waje yara na buga ƙwallo, wani mai zem na danna oda. Sai ga muryar Bilkisu maƙwabciyarsu, mai sayar da ƙanƙara, daga kan kujerarta.

"Soja, barka da yamma. In ka dawo ka duba mini rediyon nan, ya sake shaƙewa."

Haka kawai ta faɗa, kamar jiya ma sun gaisa a nan.

"To, Maman Imane," in ji shi. Sandar ta sauka a kan yashi.

Saude ta jira har ƙarar ta yi nisa, sannan ta yafa mayafi ta bi ta wani lungun.

Filin ya cika, ƙamshin albasa ya cika shi fiye da mutane. An jera pale-palen katako na ɗora buhuna an yi dandali, an rataya tsohuwar tamfol a baya. Ta samu wuri a can ƙarshe cikin mata, inda take hango ƙeyarsa da shuɗiyar rigar a layin gaba. Karimou ne kaporal, da kakin makaranta da ya yi masa kaɗan, da bindigar katako, ya kifa ƙwarya a ka. Imane 'yar Bilkisu ta fito da tukunya tana rangwaɗa.

"Halte, tsaya nan. Me ke cikin tukunyar nan?"

"Koko ne, ranka ya daɗe."

"Abokan gaba ma haka suke cewa. Kawo ludayi."

Ya sha ɗaya ya ce bai ji komai ba, amma aikin tsaro ba a gaggawa. Ya sha na biyu ya ce akwai alamar tambaya a ƙasan tukunya. Kafin ya gama bincike koko ya ƙare, ya buga ƙafa ya sara mata ya ce ƙasa na godiya. Washegari ma haka. Rana ta uku yarinyar ta zuba barkono cikin kokon, kaporal ya sha, hawaye na zuba, ya ce ba komai, tunanin gida ne. Mata suka riƙa kifewa a jikin juna. Saude ta daure fuska iya daurewa, amma da uwar yarinyar ta fito da muciya tana neman kwamanda, wai ko a biya ta kokon kwana uku ko a aure mai kokon, sai ta ji dariya ta kuɓuce mata ta hanci.

Daga nan aka buga kwanon rufin a bayan tamfol. Ƙarar ta fi ta bayan katanga nesa ba kusa ba. Ta ga kafaɗun shuɗiyar rigar sun ɗaga, kansa ya nutse a tsakaninsu, hannunsa ya damƙi sanda. Ba ta san ta miƙe tsaye ba. A kan dandali kaporal ya jefar da bindiga, ya rungumi tukunyar koko ya ruga da ita yana ihun a ceci kayan gwamnati, ya bar budurwar tsaye ita ce ta ɗauki bindigar. Kafaɗun suka sauka a hankali, sannan suka fara girgiza. Ja'afar ya jefa kai baya yana dariya, irin dariyar mahaifinsa mai shaƙewa, yana share ido da bayan hannu yana nuna Karimou da yatsa.

"Zauna mana, Inna, kin tare mu," in ji wata yarinya a bayanta. Ta zauna.

Sauran wasan ba ta fahimci kansa sosai ba. An dai ɗaura aure a shingen bincike, kwamanda ya zama waliyyi, kaporal ya nemi a bincika tukunyar gara. Ita bakinta na motsi ne kawai, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, mutane na tsammanin dariya take.

Da aka watse ta tsaya kusa da ƙofar filin tana gyara ɗaurin kallabi da ba abin da ya same shi. Alhaji Rafiou ya zo wucewa da babbar rigarsa.

"Alhaji," ta ce a hankali, "Allah shi saka ma da alheri. Allah shi..."

"Kar ki ɓata mana wasa," ya ce, bai tsaya ba. "Baiwa ba ta yi wa ubangida godiya, aiki take yi."

Can a bakin dandali samari sun kewaye Ja'afar. Yana zaune a kan buhun albasa, sandunan a gefe, yana yi wa Karimou faɗa wai Dramane bai taɓa gudu haka ba, gudunsa ya fi wannan muni, bari ya nuna masa da hannu. Ta so ta yi masa alama su tafi kafin duhu, ga yashi, ga ramuka a lungu. Amma da wane suna za ta kira shi a cikin mutane? Shi ne ya hango ta.

"Inna, ki yi gaba. Zan yi magariba a masallaci, su Karimou za su rako ni."

Ta gyaɗa wa ƙofar filin kai, ta kama hanya ita kaɗai.

Gidan shiru. Ta sauke kifin daga ƙusa ta gyara, ta hura wuta, ta ɗora miya. Ana kiran salla ta yi alwala ta yi tata, ta daɗe a zaune a kan darduma. Tana naɗe ta ta ji sallama a zaure, wani tsohon abokin karatunsa ne daga Cadjèhoun, wanda yakan zo duba shi lokaci-lokaci ya koma ba su ga juna ba.

"Maman, ina wuni? Soja yana ciki? Ko yana barci in dawo wani lokaci?"

Saude ta leƙo da dardumar a hannu.

"Ba shi nan," ta ce. "Ya fita."

Baƙon ya tsaya yana kallonta, bai gane ba. Ita kuwa daɗin maganar bai bar bakinta ba, sai ta sake faɗa masa.

"Ya fita, ɗana. Ban ma san lokacin da za shi dawo ba."